Gurbi Biyar: Cancanta da Amana a Zaɓen 'Yan Wasan Kofin Mosconi

Duk inda masu nema suka fi gurabe yawa, tambayar adalci takan taso, wato wa za a ɗauka, wa za a bari, kuma da wane ma'auni za a raba tsakaninsu. Malaman falsafa sun fi tattauna wannan tambaya a kan mulki da alƙalanci da rabon dukiya, amma akwai wata gasa ta wasan tebur da take fito da ita fili ƙarara, saboda guraben da ake takara a kansu biyar ne kacal a kowane ɓangare. Gasar ita ce Kofin Mosconi, wadda kamfanin Matchroom na Barry Hearn ya fara shiryawa a Ingila a 1994, inda ƙungiyar Turai take karawa da ta Amurka a ƙarshen kowace shekara, bisa salon da Kofin Ryder ya daɗe yana bi a wasan golf. An sa mata sunan Willie Mosconi, shahararren ɗan wasan Amurka da ya rasu a 1993, wanda ya taɓa jefa ƙwallo 526 a jere ba tare da kuskure ba a 1954.

Wasan da ake bugawa shi ne ful, ɗan'uwan sinuka, wanda ake yi da doguwar sanda a kan tebur mai ramuka shida, kuma nau'in da gasar ta zaɓa shi ne na ƙwallo tara. A wannan nau'i ana jera ƙwallaye masu lamba daga 1 zuwa 9, dole ne farar ƙwallon da ake bugawa ta fara taɓa mai mafi ƙarancin lamba a kan tebur, kuma wanda ya jefa ta tara cikin rami bisa ƙa'ida shi ya ci wannan zubi. Wanda ya riga cin zubi biyar ya ci karawa, ya kawo wa ƙungiyarsa maki ɗaya, ƙungiyar da ta riga kai maki 11 kuwa ita ke ɗaukar kofi.

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen cike guraben nan. Ta farko ita ce jadawalin maki, wato jerin sunayen 'yan wasa gwargwadon abin da kowa ya tara a gasannin shekara, inda na sama suke shiga kai tsaye ba tare da sun nemi yardar kowa ba. Ta biyu ita ce zaɓin kyaftin, wato gurbin da ake bar wa jagoran ƙungiya ko masu shirya gasar su ba wanda suka ga ya dace, ko da kuwa yana can ƙasa a jadawali. A wasu shekarun baya-bayan nan an riƙa haɗa hanyoyin biyu, uku su shiga ta maki, biyu ta zaɓi, kuma kusan duk gardamar da ake tafkawa kowace shekara a kan waɗannan biyun take.

Hujjar masu goyon bayan jadawali tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Ɗan wasan ful, in ban da 'yan ƙalilan da ke da masu ɗaukar nauyinsu, shi ke biyan kuɗin jirgi da masauki da kuɗin shiga gasa daga aljihunsa, kuma idan an gaya masa tun farkon shekara cewa maki ne zai shigar da shi, to an ƙulla alkawari da shi ke nan, ya kuma tsara rayuwarsa a kan wannan alkawari. Jadawali ba ya da aboki, ba ya riƙo, ba ya tuna wanda ya taɓa yi wa kyaftin rashin kunya, kuma kowa zai iya zama ya sake lissafinsa ya ga ko an cuce shi. Wannan shi ne adalcin ƙa'ida, wanda darajarsa take cikin cewa an san shi tun kafin a san wanda zai amfana da shi.

Sai dai jadawali yana amsa tambaya ɗaya ne, wato wa ya fi yin aiki a watannin da suka wuce, alhali gasar tana yin wata tambayar dabam, wato wa zai fi amfanar ƙungiya a kwanaki huɗun da ke tafe. Aristotal, a littafinsa na siyasa, ya buga misali da rabon sarewa, inda ya nuna cewa sarewar da ta fi kyau ta wanda ya fi iya busa ce, ko da akwai wanda ya fi shi asali ko kyawun sura, domin ana duba manufar abin da ake rabawa ne kafin a san irin cancantar da za a auna. Idan aka bi wannan hanya, dole a fara tambayar mene ne gurbi a ƙungiya. In lada ne da ake biyan mutum kan wahalar da ya sha, to hana wanda ya fi maki zalunci ne tsantsa. In kuwa aiki ne da ake ɗora masa a madadin wasu, to amana ce, amana kuma ana ba da ita ga wanda zai iya ɗaukarta, ba lallai ga wanda ya fi daɗewa yana jiranta ba. Fassara ta biyu ta fi kusa da gaskiya, domin ladan gasannin shekara an riga an biya shi da kofuna da kuɗin da aka ci a cikinsu.

Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne cewa aikin da ake yi a Kofin Mosconi ba shi ne aikin da jadawali ya auna ba. A karawar 'yan biyu-biyu, abokan wasa suna buga sanda ne ɗaya bayan ɗaya, saboda haka wanda ya jefa ƙwallo ta uku ba shi zai buga ta huɗu ba, kuma inda ya tsayar da farar ƙwallo nan abokinsa zai gada. Gwanin da ya saba barin fara a wuri mai wuya, don ya san hannunsa zai fitar da shi, yakan zama nauyi ga abokin da ba haka salonsa yake ba. Wanda ya san cewa abokinsa bahago ne, ko ya fi son kusurwa mai faɗi, sai ya ɗan rage ƙarfin bugu don fara ta tsaya tazarar taƙi guda daga inda shi kansa zai so ta. Ga agogo yana ƙirga daƙiƙa talatin, ga dubban 'yan kallo a zauren Alexandra Palace na Landan suna waƙa da ihu kamar a filin ƙwallon ƙafa, abin da ba a san shi ba a gasannin ɗaiɗaiku inda ake yin tsit. Karawar zubi biyar kuma gajeriya ce ƙwarai, kuskure ɗaya yana iya yanke ta. Babu wani lissafin maki da ke nuna wanda hannunsa ba ya rawa a irin wannan hali, ko wanda zai iya kallon abokinsa ya ɓarar da ƙwallo mai sauƙi bai ɓata fuska ba.

Aristotal ɗin dai, a littafinsa na ɗabi'a, ya yi bayanin cewa doka tana magana ne a dunƙule, don haka dole a samu lamarin da ba ta hango ba, kuma a nan ne ake buƙatar hukuncin mai basira ya gyara abin da dunƙulewar ta bari. Malaman Musulunci sun zo wa maganar ta wata ƙofa. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya gina bayaninsa na naɗa masu riƙe da muƙamai a kan ginshiƙai biyu, ƙarfi da amana, ya kuma nuna cewa ƙarfin da ake nema yana sauyawa gwargwadon aikin, na jagoran yaƙi dabam, na alƙali dabam, na mai tsaron dukiya dabam, har ya zama wanda ya fi falala a kansa ba lallai ne ya zama wanda ya fi dacewa da muƙamin ba. Wasa ba yaƙi ba ne, kuma ba a daidaita nauyin al'amuran biyu, amma ƙa'idar tana nan daram, tare da kashedin da ke biye da ita a wannan koyarwa, cewa wanda ya naɗa mutum don kusanci ko abota, alhali yana ganin wanda ya fi shi dacewa, ya ci amana. Ikon zaɓi, a wannan fahimta, nauyi ne a wuyan mai zaɓe kafin ya zama dama a hannunsa.

A nan ne tarihin gasar yake tayar da tambaya mai wuya, domin manufarta ba ɗaya ba ce. A shekarun farko ƙungiyar Turai ta ƙunshi taurarin sinuka irin su Steve Davis da Jimmy White da Alex Higgins da Ronnie O'Sullivan, waɗanda masu kallon talabijin a Birtaniya suka sani, alhali akwai ƙwararrun ful a nahiyar da ba su da irin wannan suna. Ba za a ce zaɓin ya tashi a banza ba, tunda Davis ne ya doke Earl Strickland a karawar da ta ba Turai kofin 2002, amma ba a ɓoye yake ba cewa kamfani ne ke shirya gasar, kamfani kuwa yana buƙatar masu kallo. Haka aka sake tayar da maganar a 2022, sa'ad da Strickland ya dawo ƙungiyar Amurka yana da shekara 61, wasu suna ganin gogewarsa, wasu suna ganin sunansa ne ke cika zaure. Neman masu kallo ba laifi ba ne, domin gasar da ba a kallo ba ta ciyar da kowa. Laifin yana faruwa ne idan aka zaɓi mutum don kasuwa sannan aka gaya wa wanda aka bari cewa ƙwarewarsa ce ta gaza, saboda an hana shi gurbi, an kuma ƙara masa da ƙaryar da za ta sa ya yi ta gyaran abin da bai lalace ba.

Zaɓen mai horarwa, wato kyaftin, ya fi na 'yan wasa wuya, tunda babu jadawalin da ke auna shi, kuma labarin Johan Ruijsink shi ne ya fi bayyana haka. Ruijsink ɗan ƙasar Holan ne, ya jagoranci Turai shekaru da dama bai sha kaye ba, har da shekarar 2013 da aka lallasa Amurka da ci 11 da 2 a gidanta, a Las Vegas. Turai ta ci kofin sau takwas a jere daga 2010 zuwa 2017, kuma a shekarar ƙarshe ta wannan jeri Ruijsink yana ɓangaren Amurka ne, an ɗauko shi ya gyara ƙungiyar da shi da kansa ya daɗe yana karyawa, ya kuma fara da shan kaye da ci 11 da 4. Masu adawa sun ga abin kunya ne ƙasar da ta haifi Mosconi ta miƙa ragamarta ga baƙo, kuma ƙorafinsu ba wofi ba ne, domin ƙungiyar da ke ɗauke da tutar ƙasa tana wakiltar mutane ne, ba ƙwarewa kaɗai ba. Amma wakilcin yana kan masu riƙe sanda, mai horarwa kuwa ilimi ake nema a wurinsa, ilimi kuma ba a tambayar garinsu. A 2018 ya haɗa ƙungiyar da ta ƙunshi Shane Van Boening da Skyler Woodward da Billy Thorpe da Corey Deuel da wani matashi, Tyler Styer, wanda bai yi suna ba a lokacin, suka ci Turai 11 da 9 a Landan, suka kuma riƙe kofin a 2019 da ci 11 da 8.

Abu ne mai sauƙi a ce nasara ta wanke shi, amma wannan hujja ce mai haɗari, kuma masu son zaɓin kyaftin ya kamata su fi kowa gudunta. Tazarar maki biyu a gasar da ake yin karawa ta zubi biyar tana iya juyawa da ƙwallo ɗaya da ta yi rawa a bakin rami ta ƙi faɗawa, kuma da hakan ta faru, zaɓin Styer bai zama wauta ba, kamar yadda nasarar ba ita ta mayar da shi hikima ba. Ana auna hukunci ne da abin da mai yanke shi ya sani, da ƙoƙarin da ya yi ya sani, a ranar da ya yanke shi. Wanda ya zauna da 'yan wasa a sansanin horo, ya gwada su biyu-biyu, ya ga wanda ke karɓar gyara, yana da hujja ko da ya faɗi. Wanda ya zaɓi abokinsa ya yi nasara kuwa sa'a ya taka, kuma kofin da ya ɗaga bai biya haƙƙin wanda ya tauye ba.

Daga nan sharuɗɗan da ke halatta zaɓi suke fitowa. Dole a bayyana tun farkon shekara gurabe nawa ne na maki, nawa ne na zaɓi, kada a sauya bayan an ga sunayen da suka hau. Dole a san wanda ya yi zaɓin da sunansa, kyaftin ne ko kamfani, don kada kowanne ya fake a bayan ɗaya. Kuma wanda aka bari yana da haƙƙin jin dalili na gaskiya, ko da dalilin ba mai daɗi ba ne. Sharaɗi na biyu ya ƙara nauyi a 2024, lokacin da Jayson Shaw na Turai da Skyler Woodward na Amurka suka zama kyaftin masu buga wasa, domin mutumin da yake gogayya da 'yan uwansa a gasannin shekara, kuma zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda ya zaɓa, yana da sanin da na waje ba shi da shi, yana kuma da son ran da na waje ya kuɓuta daga gare shi.

Akwai lamarin da sharuɗɗan nan ba su warware ba, shi ne na Fedor Gorst, haifaffen Rasha da ya ci gasar duniya ta ƙwallo tara a 2019, ya buga wa Turai a 2020, sannan bayan takunkumin da ya hau kan 'yan wasan Rasha a 2022 ya koma zama a Amurka, ya buga mata a 2023. A ma'aunin ƙwarewa babu mai jayayya da shi, a ma'aunin ƙa'ida kuma masu gasar sun amince da shi, amma gurbin da ya shiga ɗaya ne cikin biyar da wani ɗan wasan da ya tashi a ɗakunan ful na Amurka yake sa rai. Ko shi wannan ɗan wasa an tauye shi ya danganta ne da abin da ake nufi da ƙungiyar Amurka, ko mutanen da ƙasar ta raina ne ko mutanen da suka zaɓi zama a cikinta, kuma wannan tambaya ce da ƙasar kanta take ta muhawara a kai a fagagen da suka fi teburin wasa faɗi. Turai ta ci gasar ta 2023 da 11 da 3, Gorst yana sanye da rigar Amurka.