Tsaraba Ko Fuska: Me Ke Hana Mutum Ƙetare Kogi Zuwa Ga Mahaifiyarsa?

 

A unguwannin Diffa akwai yaran da suka kai shekara goma ba su taɓa ganin garin iyayensu ba, alhali garin yana nan ƙetaren Komadugu, tafiyar da ba ta kai wuni guda ba. Iyayen sun baro Damasak a watan Nuwamba 2014, lokacin da Boko Haram ta afka wa garin. Wasu aka kai su sansanin Sayam Forage, wasu suka raɓa a gidajen dangi, domin dama Mobar na wannan gaɓa da na waccan jini ɗaya ne. Daga baya tsofaffi da yawa suka koma gida, 'ya'yansu suka tsaya inda suka samu abin yi.

Cikin irin waɗannan akwai wani ɗan'uwa mai dakon buhunan tattasai a kasuwa. Mahaifiyarsa ta koma Damasak, shi kuma kowace shekara sai ya ce bana zai kai mata matarsa da jikokinta uku. Da farko uzurinsa gaskiya ne. An kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a Fabrairun 2015, aka hana hawa babur, bakin kogi ya zama abin tsoro. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024. Babu malamin da zai ɗora masa laifi a wannan. Amma maƙwabtansa suka fara zuwa suna dawowa, shi yana nan. Wata rana bayan an tashi daga wazifa mukaddami ya tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah gafarta Malam, da wane ido zan dubi Inna? Shekara goma a ƙasar waje, in shiga gida hannu rabbana?"

To, wannan kunyar, ita ce wadda aka yaba a cikin imani, ko wata aba ce ta ari rigarta?

Ba a raina tsaraba. Kyauta tana dasa soyayya, kuma wanda ya san gari ya san mata za su leƙo su ga abin da aka sauke. Sai dai a dubi wanda ake karewa a nan. Tsohuwa ba ta aiko a kawo mata atamfa ba, jikokinta ta ce a kawo. Abin da ɗan yake tsaro shi ne fuskarsa: kada a ce wane ya daɗe a Nijar bai yi arziki ba. Masana tarbiyya sun daɗe suna gargaɗi cewa rai ba ya zuwa wa muridi da sunan girman kai, don ya san za a kore shi. Yakan zo da sunan ladabi, ya ce a jira sai an shirya. Ana jiran shiri, shekarun tsohuwa suna ƙarewa.

Littattafan sira sun kawo wata tafiya irin wannan. Sayyida Amina ta ɗauki Annabi (S.A.W) yana da shekara shida, tare da Ummu Aimana, daga Makka zuwa Yasriba, wurin Banu Najjar, dangin kakansa Abdul Muɗɗalibi ta wajen uwa. Mijinta ya rasu, abin da ya bari bai wuce raƙuma biyar da 'yan awaki da baiwarsa Ummu Aimana ba. Ba ta jira wadata ba. Suka yi kamar wata guda, a hanyar komawa ta rasu a Abwa. Da ta ɗaga tafiyar shekara ɗaya, da ba a yi ta ba ke nan. Bayan shekara arba'in da wani abu, da ya yi hijira, a cikin Banu Najjar ɗin nan ya sauka, a gidan Abu Ayyuba.

Wannan ya nuna tafiyar ba haƙƙin tsohuwa kaɗai ba ce, akwai haƙƙin yaran. Mutanen bakin Komadugu sun fi kowa sanin cewa yau kai ne mai masauki, gobe kai ne baƙo. Yaron da bai san ƙofar gidan baffansa ba, ina zai dosa ranar da ruwa ko fitina suka tashe shi?

Har yanzu hanyar ba kullum take lafiya ba, kuma shari'a ba ta ce mutum ya jefa iyalinsa cikin halaka ba. Wanda tsoronsa na gaske ne, waya da saƙon gaisuwa suna riƙe zumunci har Allah Ya kawo sauƙi. Amma akwai ma'aunin da mukaddamin ya ba ɗan'uwan nan. Ya ce masa: "Ɗana, in da za a damƙa maka jaka ɗari biyar yau da dare, gobe hanyar za ta yi kyau ko ba za ta yi ba?" Mutumin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Za ta yi, Malam."

Da ruwan kogin ya ja baya suka tafi da hantsi, bayan ya tambayi masu zuwa labarin hanya. Tsarabarsa tiya biyu ta busasshen tattasai da sabulu uku. Tsohuwar ta riga ta daina gani sosai, sai ta riƙa shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunayensu. Da aka zo kan ƙaramar, uban ya kasa faɗa, domin sunan tsohuwar aka sa mata, matarsa ce ta ce, "Takwararki ce, Inna." Ƙullin tattasan yana nan bakin ƙofa, sai bayan sallar isha'i wata jika ta tuna ta shigar da shi ɗaki.