Yadin Kayan Makaranta

Idan hutu ya kusa ƙarewa, shagon tela kan cika da iyaye mata, kowacce riƙe da yadin kayan makaranta, maganar kuma ɗaya ce: "Malam, a yi masa da girma, ya kai baɗi." Tela ya naɗe bakin wando ninki biyu ya ɗinke, in yaro ya ƙara tsawo a warware. Wanda uwarsa ba ta samu kuɗin yadin ba kuwa, ranar da aka koma a bakin ƙofa za a tare shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, amma doka ba ta biyan tela. Yara da yawa a nan karatunsu ya tsaya, alhali kansu na ja.

Wannan yadin da ke korar ɗan talaka, a Maiduguri an sa shi wani aikin. A 2007 wani lauya, Barista Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar marayu ta Future Prowess da yara 36. Karatu kyauta, abinci kyauta, magani kyauta, kayan makaranta ma shi ke bayarwa. Bayan rikicin Boko Haram na 2009 marayu suka yi yawa, kuma ba iri ɗaya ba ne: akwai ɗan soja, akwai ɗan ɗan sanda, akwai wanda aka kashe ubansa a kasuwa bai san hawa ba bai san sauka ba, akwai kuma 'ya'yan waɗanda suka ɗauki makami. Na ƙarshen nan mutane ke gudu. Zannah ya karɓe su, ya haɗa su aji ɗaya da sauran.

Ba na jin riga tana goge maraici, kuma malaman sun san labarin kowane yaro. Amma a layin safe, duk cikin kaya iri ɗaya, baƙo ba zai iya nuna ɗan wane ba. Yaron da unguwa ke kira da laifin ubansa, a nan da sunansa ake kiransa, kuma in an yi masa faɗa, kan aikin gida ne da bai yi ba. Ga ɗan shekara bakwai wannan ba ƙaramin hutu ba ne.

Uwayen yaran, waɗanda su ma aka bari da takaba da tsangwama, sun ga abin da aka yi wa 'ya'yansu, amana ta ƙullu. Da ita Zannah ya shiga tsakani har Boko Haram ta sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016, da wasu 82 a Mayun 2017. A shekarar ne hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Lokacin ɗaliban sun kai 540, wasu da dama kuma suna jiran gurbi.