Yawon Neman Fatalwa a Gettysburg da Haƙƙin Mamata

Gettysburg ƙaramin gari ne a jihar Pennsylvania ta Amurka, mazaunansa dubu bakwai ne da 'yan kai. Sunansa ya fito ne saboda ƙazamin faɗan da aka gwabza a cikinsa da kewayensa daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, lokacin yaƙin basasar ƙasar tsakanin jihohin Arewa da na Kudu. A kwanaki ukun nan kimanin sojoji 51,000 ne suka mutu, ko suka jikkata, ko aka kama su, ko suka ɓace, kuma wajen 7,000 daga cikinsu a filin daga suka cika. Mutanen garin a lokacin kusan 2,400 ne, wato gawawwaki sun ninka masu binne su. Majami'u da gidajen jama'a suka koma asibitoci, aka riƙa tura mamata cikin ramuka marasa zurfi a gonaki.

A kan wannan tarihi aka gina sana'ar yawon neman fatalwa. Da magariba ta kawo jiki, baƙi sukan biya kuɗi su bi ɗan rakiya mai riƙe da fitila, wani lokaci sanye da tufafin zamanin yaƙin, yana tsayawa ƙofa-ƙofa yana ba da labari. Sana'ar ta bunƙasa bayan Mark Nesbitt, tsohon ma'aikacin gandun tarihin yaƙin, ya fitar da littafinsa kan fatalwowin garin a 1991, ya kuma fara jagorantar irin wannan yawo a 1994.

Yawancin gidajen da ake tsayawa suna Titin Baltimore. Akwai gidan da harsashi ya ratsa ƙofa biyu ya kashe Jennie Wade, budurwa 'yar shekara 20, tana kwaɓa fulawar burodi. Ita kaɗai ce farar hular da aka kashe a faɗan. Akwai masaukin Farnsworth, wanda bangonsa ke ɗauke da tabon harsasai sama da 100. Akwai kuma gidan marayun sojoji da aka buɗe a 1866, aka rufe a 1877 bayan an zargi uwar gidan da azabtar da yara. Tushen kowane labari gaskiya ne da ke cikin kundin tarihi. Abin da baki ya ɗora a kai shi ne takun sawu a bene, da kukan yara cikin dare, da inuwar soja a taga.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka tsohuwa ce: shin wanda ya mutu yana dawowa? A Turai ta da, Katolika da yawa sun ɗauka cewa ran da ke wurin tsarkakewa kafin shiga aljanna yana iya bayyana don neman addu'a. 'Yan Furotesta sun soke wannan aƙida a ƙarni na 16, malamansu suka ce abin da ake gani ruɗin ido ne ko kuwa aikin shaiɗan. A Musulunci mamaci yana barzahu har ranar tashin ƙiyama, ba shi da hanyar komowa, shi ya sa malamai a ƙasar Hausa suke danganta abin da jama'a ke kira fatalwa ga aljanu ko ga tsoro. Masu nazarin halayyar ɗan'adam kuma suna nuna cewa duhu, da tsohon gini mai ƙara, da labarin da aka riga aka zuba wa mutum a kunne, sun isa su sa shi jin motsin da babu shi.

Duk da haka labaran ba su mutu ba, kuma dalilin yana cikin yanayin mutuwar da aka yi a wurin. Amurkawan wancan zamani suna ganin kyakkyawan ƙarshe shi ne mutum ya cika a gida, 'yan uwa na kewaye da shi, a ji kalmarsa ta ƙarshe. Yaƙin ya hana dubban iyalai wannan, wasu ko kabari ba su samu ba. A 19 ga Nuwamba, 1863 aka keɓe maƙabartar sojojin Arewa, inda shugaba Abraham Lincoln ya yi shahararren jawabinsa, amma gawawwakin sojojin Kudu sun zauna a gonaki har farkon shekarun 1870 kafin a kwashe su zuwa garuruwa irin su Richmond. Ba mamaki da harkar masu da'awar magana da matattu, wadda ta faro a jihar New York a 1848, ta samu kasuwa a lokacin. Matar Lincoln kanta ta nemi irin waɗannan mutane bayan rasuwar ɗanta Willie a 1862. Labarin fatalwa ya fi yaɗuwa inda rayayyu ke jin akwai haƙƙin mamaci da ba su sauke ba.

Nan ne ake saɓani kan sana'ar. Masu goyon baya suna cewa tana ciyar da gidaje, tana kuma kai tarihi ga wanda ba zai taɓa buɗe littafi ba. Masu suka suna ganin an mayar da azabar mutane abin nishaɗi, an cakuɗa gaskiya da ƙari har baƙo ya kasa rarrabewa. Akwai kuma batun wanda ake tunawa da wanda ake mantawa. Sojojin Kudu sun kama baƙaƙen fata 'yantattu a yankin suka kora su bauta, sannan Basil Biggs, manomi baƙar fata, shi ya jagoranci ma'aikatan da suka tono gawawwakin sojojin Arewa don a yi musu sutura ta mutunci. Irin waɗannan ba su da yawa a labaran dare, domin tarihinsu ba ya tayar da tsikar jiki yadda kasuwar ke so.

Addinan da suka musanta dawowar mamaci sun yi tarayya a kan cewa yana da haƙƙi: a binne shi da mutunci, a faɗi gaskiya a kansa, kada a yi wasa da kabarinsa. Da wannan ma'auni ake iya auna kowane yawon dare. Ɗan rakiyar da ya bambance wa baƙi abin da aka tabbatar da abin da ake faɗa kawai, ya kuma ambaci mamata da sunayensu cikin ladabi, ya kiyaye wannan haƙƙi. Wanda ya ƙaga wa mamaci labari don a ƙara sayen tikiti ya ci amanar mutumin da ba shi da bakin kare kansa.