Hoto a Bakin Ƙofar Bayi

Dakar, babban birnin Senegal, gari ne mai rana da iskar teku. Daga tashar jirgin ruwa, kamar minti 20 ne zuwa tsibirin Gore, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Can ne Gidan Bayi yake, da 'yar ƙofarsa mai kallon teku, inda ake tunawa da waɗanda aka kwasa zuwa Amurka ba su dawo ba.

To, a bakin ƙofar nan na tarar da mata irinmu ana gyara mayafi, ana "ɗauke ni nan". Ni ma na miƙa wayata. Sai a masauki na duba hoton: ga ni ina ta fara'a a wurin da ake tuna iyayen da aka raba da 'ya'yansu.

Laifi ne? Ban ce haramun ba ne, wannan sai malamai. Amma da Allah Ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa, don mu lura ne. Kuma tarihin nan ai bai bar mu ba, a kasuwar Kano ma an sayar da mutane. Hoton dai har yau na kasa nuna wa 'ya'yana, na kuma kasa goge shi.