Karen Bara

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Karin maganar ta yaba wa sabon jini, ta kuwa yi gaskiya, sai dai ta yi shiru game da karen bara, wanda haƙoransa suka zube, idonsa ya yi hazo, ba ya iya tarar zomo balle ya kori dila. Ina makomarsa, kuma mene ne haƙƙinsa a wuyan mai shi?

Babu inda tambayar ta fi tsanani kamar wuri irin Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas, cikin gundumar Bilma. Ƙasa ce da ake auna kowane abu da amfaninsa, domin ruwa da abinci ba su da yawan da za a yi almubazzaranci da su. Tsohon birnin kansa, mai gidajen laka da gishiri bisa dutse, kufai ne. Mutane suna zaune a Shirfa, kakar dabino ce ke mayar da su gindinsa. Da aka gano zinariya a yankin cikin 2014, dubban mutane suka kwararo daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, har hukuma ta rufe wurin a 2017. Wanda ya ciyar da karen da ba ya gadi a irin wannan ƙasa, daga bakin wani ya rage.

Tsufan kare kuwa da dare ya fi bayyana. Yakan yini yana barci, rana na faɗuwa sai ya miƙe ya shiga kai da komo, ya tsaya ya ƙura wa bango ido, ya shige lungu ya kasa fitowa, ya yi ta kuka ba ɓarawo ba dila. Mutanen gida sukan ce aljanu yake gani, ko kuwa mutuwa yake kira, a tashi a jefe shi a kore shi bayan gari. Likitocin dabbobi suna da wani bayani: ruɗewar ƙwaƙwalwa ce irin ta tsufa, ƴar uwar cutar Alzaima da ke kama mutane, har irin daskararren sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar ana samunsa a ta tsohon kare. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya sami alamar wannan ruɗewa ga kashi 28 cikin ɗari na karnuka masu shekara 11 zuwa 12, da kashi 68 na masu shekara 15 zuwa 16. Ga kuma ciwon gaɓoɓi, da kurumta, da raunin gani. A Kawar, inda sanyin daren Janairu kan kusanci na ƙanƙara, tsohon ƙashi ba ya samun kwanciya a kan rairayi mai sanyi. Kukan nan dai na tsoro ne da zafi.

Wajibi ne a yi hattara a nan, domin tausayi marar ilimi yana iya jawo gawa. Haukan kare ma yana sauya halin dabba, amma shi farat ɗaya yake zuwa, da dalalar miyau da cizo da kasa haɗiya, kuma yakan kashe cikin kwana goma da bayyanarsa. Ruɗewar tsufa a hankali take tafiya, wata da watanni. Karen da ya sauya cikin kwana biyu a tsare shi nesa da yara. Wanda ya ciza kuwa a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi likita.

Masana falsafar Turai sun daɗe suna kewaya wannan batu. Dekart, cikin littafinsa na 1637 da ɗaliban lise suka sani, ya ɗauki dabba tamkar na'ura marar tunani. A bisa wannan ra'ayi kukan kare bai wuce ƙarar ƙofar da ta rasa mai ba. Kant ya fi shi sassauci, har ma misalin da ya kawo a laccocinsa shi ne na mutumin da ya harbe tsohon karensa don ya daina amfani. A ganinsa mutumin bai zalunci karen ba, tunda kare ba ya da hankalin yin hukunci, amma ya ɓata mutuntakar da ke cikin kansa, kuma mai ƙeƙasasshiyar zuciya ga dabba zai ƙeƙasa ta ga mutum. Hujjar tana da kyau a aji, malamai ma suna sonta domin tana da saukin koyarwa. Rauninta shi ne ta mayar da karen allon gwaji: ana jin ƙansa ne don gyaran halin ɗan Adam, irin don tuwon gobe ake wanke tukunya. Alhali wanda ke rawar ɗari a bakin bukka da ƙarfe biyu na dare ba halin mai gida ba ne, kare ne.

Izzuddini ɗan Abdussalami, malamin Dimashƙa da Alƙahira da ya rasu a 1262, ya fi kusa da gaskiyar lamarin. Da ya zo lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su, ya sa ciyar da su a gaba, ko da sun tsufa ko sun yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da su. Haƙƙi ya kira shi, ba kyauta ba, kuma bai rataya shi ga amfani ba. Abin mamaki shi ne yadda ƙyamar kare ta yi ƙarfi a ƙasar da ke bin mazhabar Maliku, wadda mashhurin ra'ayinta shi ne kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Buhari da Muslim, kuma karen nan bai taɓa yi masa gadin akuya ko ɗaya ba. To ina ga wanda ya yi shekara goma yana yi?

Abin da haƙƙin ke bukata bai fi ƙarfin makiyayi ba. Maganin selejilin da ake bai wa irin waɗannan karnuka a Turai da Amurka ba abin nema ba ne a Shirfa. Amma tsohon buhu ko tsumma da zai raba shi da sanyin ƙasa yana samuwa, haka ma makwanci ɗaya da ba a sauyawa, kusa da inda yake jin ƙamshin mutanensa. A tashe shi da rana ya taka ya sha hantsi, don barcinsa ya koma dare. A jiƙa masa abinci, a ajiye ruwa inda zai same shi cikin duhu. Duka ba ya ƙara masa komai sai ruɗewa.

Akwai kuma iyaka. Barcin mai jego da na yaron da zai kora awaki da asuba su ma haƙƙi ne, kuma wata rana karen zai daina ci, ya kasa tashi. Muhtasar na Halilu, da malaman zaure ke karantarwa daga Agadas har Sakkwato, ya halatta yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna da rayuwarta, masu sharhi suka ce don a hutar da ita. Sharaɗin yana kan halin dabbar, ba kan gajiyar mai ita ba, kuma raba waɗannan biyun bayan dare talatin ba barci yana da wuya ƙwarai. Shi ya sa ya fi kyau kada mai karen ya yanke hukuncin shi kaɗai, kada kuma ya yanke shi da dare. Ya jira gari ya waye, ya kira ma'aikacin dabbobi in akwai, ko wani dattijo da bai kwana cikin kukan ba, ya zo ya duba.