AYA A BANGO, GORO A ƘARƘASHIN TEBUR



'Yan uwa, jiya bayan Magariba wani ɗalibi daga Yakasai ya tambaye ni: "Malam, wai dokar ƙasa ta hana a sa alamar addini a kayan gwamnati?"

Na ce masa sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa a fili. A nan ake ta ja-in-ja. A 2020 wani lauya ya kai Babban Bankin Najeriya ƙara a Legas, wai a cire "larabci" daga jikin naira. Alhali abin da ke jikin dubu ɗaya Hausa ce da ajami: "naira dubu". Ba aya ba ce, ba hadisi ba. Tun 2007 aka cire ajamin daga ƙananan kuɗi. Wannan gadonmu ne, kuma za mu ci gaba da kare shi da hujja.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kwanaki na raka wata baiwar Allah, mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu, zuwa wani ofishi kan takardar gidansu. Ayatul Kursiyyu na rataye a bango, an yi mata firam mai kyau. A ƙarƙashinta ma'aikacin ya dube mu ya ce fayil ba ya tafiya sai da "na goro". Wallahi jikina ya yi sanyi.

Mu da muka cika filin Idi a shekarar 2000 muna kabbara ranar ƙaddamar da Shari'a, wannan muka nema? Sayyidina Umar bai yi suna da rataye allo ba, da adalci aka san shi. Ayar da ke bangonka, malam ma'aikaci, hujja ce a kanka ranar gobe. Wanda ba Musulmi ba in ya shigo, ba bangon zai karanta ba, kai zai karanta.

Ban ce a sauke ayar ba. Cewa na yi kafin ka sa hannu a fayil gobe da safe, ɗaga kai ka dube ta.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Amin.