Tanadin Sallah: Daga Bakin Wa Za a Fara Ragewa?

 

Ga shi Rajab ya kama. Daga shi sai Sha'aban, sai azumi, sai Sallah. In ka lissafa, abin da ya rage tsakaninmu da zuwa filin idi bai kai kwana 90 ba. A irin wannan lokaci kowa ya san nasihar da ake yi: a rage kashe kuɗi a kan abin da ba dole ba, a yi tanadi. Nasiha ce mai kyau, babu mai gardama. Amma akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba, kuma ita muke so mu duba yau. Wa ke yanke hukuncin abin da ba dole ba a cikin gida? Kuma lomar da za a tara, daga bakin wa za a cire ta?

Mu mazauna Jos lissafinmu ya sha bamban da na 'yan'uwanmu na Kano ko Katsina. A nan bukukuwa iri biyu muke gani a shekara. Cikin Disamba maƙwabtanmu Kirista suna Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma lokacin ne kasuwa take buɗewa ga da yawanmu: mai yadi a Ahmadu Bello Way da kewayen Terminus, mai tumatir da kabeji a Farin Gada, mai hatsi da gwanjo a Katako, mai dabba a 'Yan Shanu da Kara ta Bukuru. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kusan kwana 11, a 'yan shekarun nan azumi ya matso kusa da ƙarshen shekara. Ribar da aka samu a Disamba ita ce kuɗin gero da sukarin azumi, in an bar ta ta kwana. Tsakaninsu kuma ga Janairu da kuɗin makarantar yara. Bayan Ƙaramar Sallah da wata biyu da kwana goma ga Babba ta iso da maganar rago. Ga masu zuwa gida Sallah, Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi, akwai kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai sake komawa yadda muka san shi ba. Cikin wata shida ke nan nauyi yana bin nauyi. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu cewa yawan lissafi raunin tawakkali ne, wai wanda ya tsaga baki ba zai hana shi abinci ba. Gaskiya ne arziki na Allah ne. Amma malamanmu sun sha karantar da mu ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya ba mutanen Masar shawarar su ajiye hatsi a cikin zangarniyarsa a shekaru bakwai na wadata saboda shekaru bakwai na fari. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Ba wanda zai ce ya fi waɗannan dogaro ga Allah. Iyayenmu da suka ga gobarar babbar kasuwar Terminus a watan Fabrairun 2002 sun san jarin shekara ashirin yana iya tafiya a dare ɗaya. Mu ma mun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ya rasa na cefane a hannu. Wanda ya ga waɗannan bai kamata a yi ta roƙonsa ya yi tanadi ba.

Matsalar tana wani wuri. Tattali da rowa kamanninsu ɗaya daga nesa, domin dukansu riƙe hannu ne. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya hana ƙuntata hannu, ya hana sakinsa gaba ɗaya, a Suratul Furƙan kuma ya yabi masu tsayawa tsakiya. To ina tsakiyar take? A ganinmu ana gane ta ne da wanda ya ɗanɗana raɗaɗin ragin. Idan maigida ya ce za a yi tanadi, sai ya zabge kuɗin cefane, ya soke naman miya, ya ce yara su riƙa tafiya makaranta a ƙasa cikin sanyin nan na Jos, alhali shi teburin mai shayinsa da ƙwai yana nan safe da yamma, tsirensa na dare yana nan, datar wayarsa ba ta taɓa yankewa ba, to wannan bai yi tanadi ba. Ya mayar da nauyin ne kan waɗanda ba su da bakin magana. Ciyar da iyali wajibi ne a kansa, shayin majalisa kuwa ba wajibi ba ne. Ba a gyara mustahabbi da rushe farilla.

Haka a shago. Alhaji, yaron da yake buɗe maka rumfa tun da sassafe, kuɗin abincinsa na rana ba ya cikin abin da ba dole ba. Ɗan dakon da ya sauke maka buhu goma, in ka danne masa naira ɗari da sunan lokaci ya yi wuya, haƙƙinsa ka tara a asusunka. Tsohuwar da ke jiran saƙonka a ƙauye duk wata ita ma ba wurin ragi ba ce. Ƙa'idar mai sauƙi ce, cika ta ne da wuya: mutum ya fara da jikinsa. Abin da kake kashewa don jin daɗin kanka kaɗai shi ne farkon shiga wuƙa, abin da wani yake rayuwa da shi shi ne na ƙarshe.

Mu ɗan yi lissafi, tunda 'yan kasuwa ne mu. Wanda ya hana kansa naira 500 kullum daga yau zuwa Sallah zai tashi da sama da naira 40,000. Wanda ya iya 1,000, ninki biyu ke nan. Ina ɗari biyar ɗin take? Tana cikin datar da ake ƙonawa a kallon bidiyo har tsakar dare, da lemon kwalba bayan kowane abinci, da hawa Keke Napep a tafiyar da ƙafa za ta iya, da cirar kuɗi sau uku a rana wajen mai POS, kowace cira da ladanta. Ga samarinmu kuma, tana cikin cacar ƙwallo, wadda ita ba ma ragewa ake yi ba, bari ake yi, domin haramun ce. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗiga kuma randa kan ƙare.

Sai dai babban ramin da kuɗin Sallah suke faɗawa ba cikinmu ba ne, idon mutane ne. Sunansa "kar a ce". Kar a ce Alhaji bai sa sabuwar gezna ba. Kar a ce Hajiya ta maimaita leshin bara. Kar a ce ragon gidanmu bai kai na maƙwabci ba. Kar a ce toshin Sallar da aka kai gidan surukai ya yi kaɗan. A nan iyayenmu mata su ma akwai nasu kason: anko a kan anko, biki bai wuce ba an fitar da na gaba, wadda ba ta da hali ta ci bashi don kar ƙawaye su yi da ita. Mu tambayi kanmu, su wane ne waɗannan masu cewar? Yawancinsu su ma tsoron bakinmu suke ji. Kowa yana bin kowa da kallo, kowa yana cin bashi don ya burge wanda shi ma bashi ya ci.

Yin ado ranar idi sunna ce, faranta wa yara ibada ce, ba mu ce a yi Sallah da tsumma ba. Yaron da ya ga sa'o'insa da sabon ɗinki shi babu, abin yana zama a ransa har girma, don haka kayan yara suna gaba da na manya. Abin da shari'a ta nema shi ne mutum ya sa mafi kyawun abin da yake da shi. Layya ma, a wurin malaman Malikiyya, sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba za ta takura masa ba. Abin da ya hau kan kowane mai hali a Ƙaramar Sallah shi ne zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum da kake ciyarwa, a fitar kafin a tafi idi. Abin mamaki, sai ka ga an gama biyan tela da mai takalmi, daren Sallah kuma ana neman inda za a ranto na zakka.

Shi kuwa bashi ba abin wasa ba ne. Ya zo a hadisi ingantacce cewa an kawo gawar wani mutum, Manzon Allah ya dakata da yi masa salla saboda bashin da ke kansa, har sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Yau kuma ga manhajojin bashi a waya, masu ba ka kuɗi cikin minti biyar da ruwa a kai, in ka makara su bi lambobin 'yan'uwanka suna tona maka asiri. Riba ce tsagwaronta, ga zubar da mutunci. Kakanninmu sun gama magana da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Wani ɗan kasuwa zai ce, to malam, in kowa ya riƙe hannunsa, wa zai sayi shaddar da na sara? Ai da kashe kuɗin mutane muke ci. Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne ciniki na iya ɗan ja baya a wasu kaya. Amma buɗe littafin bashinka na bara ka duba. Sunaye nawa ne suka ɗauki kaya a goman ƙarshe na azumi da alkawarin bayan Sallah, har yau ba ka ga ƙeyarsu ba? Wasu ma sun sauya masallaci don kar ku haɗu a sahu. Ka rasa kuɗin, ka rasa abokin ciniki, ka rasa ɗan'uwa. Wanda ya yi tanadi ya sayi yadi biyar ya biya nan take ya fi maka wanda ya ɗauki goma ya ɓace. Tela ma zai huta da alkawarin da ya san ba zai cika ba, in aka kai masa ɗinki tun Sha'aban.

Ga masu harkar hatsi akwai wata iyaka. Magidanci ya sayi geronsa da shinkafarsa tun yanzu ya ajiye don iyalinsa, wannan hikima ce, musamman da darajar naira take zaizayewa a hannu. Amma ɗan kasuwa ya kwashe abincin kasuwa ya kulle a sito yana jiran azumi ya kama talaka ya matsu sannan ya fito da shi, wannan ɓoye kaya ne da Manzon Allah ya yi hani a kansa. Kar a sa masa rigar tanadi.

Mun san kuma akwai waɗanda duk wannan magana za ta yi musu ɗaci, domin ba su da abin ragewa. Mai tura baro, da mai facin taya, da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, abin da suka samu yau shi za su ci yau. Ba mu da bakin yi musu wa'azin tattali. Wa'azin namu ne, mu da Allah ya ɗan buɗa wa. A nan ne ma tanadi yake samun ma'anarsa ta gaskiya. Idan ka hana kanka don ka ƙara wa kanka girma ranar idi, ka ɗage almubazzarancin ne kawai daga Rajab zuwa Shawwal. Idan kuwa cikin abin da ka tara akwai mudun gero na maƙwabci da rigar maraya guda, to riƙe hannunka ya zama hanyar buɗe shi.

Saboda haka shawararmu ga kowane gida a wannan mako ita ce maigida da uwargida su zauna tare, ba wai shi ya yanke ya sanar ba. Ita ta fi ka sanin abin da tukunya take ci. A rubuta abin da ke gaba bi da bi: bashin da ake bin ku, abincin azumi, zakkar fidda kai, kayan yara, saƙon iyaye, kuɗin mota in za a je gida, sannan kayan manya. Kowa ya faɗi abu guda da zai hana kansa, maigida ya fara. Abin da aka tara a raba shi da kuɗin shago, ko a asusu, ko a adashin mutanen da aka yarda da amanarsu, ko a mayar da shi hatsi tun farashi bai tashi ba.

Allah ya kai mu Ramadan da rai da lafiya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya rufa mana asiri, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya zaunar da garinmu Jos da Jihar Filato lafiya. Amin.

Daga Sakataren Masallaci